Yadda za ka kare abin da ka ƙirƙira a OAPI: jagora ga masu sana'a a arewacin Kamaru da Chadi

Daga Ngaundare zuwa Garwa, daga Marwa zuwa Kusiri har a tsallaka gada a shiga Injamena, akwai masu hannu da yawa da kan gyara abu ya fi yadda ya fito daga masana'anta. Ma'aikacin ɗakin tiyata ya ga hantsakin da ake kama jijiyar jini da shi yana yawan kuɓucewa, sai ya je wurin maƙeri suka sauya masa makulli. Mai haɗa wutar lantarki ya gaji da ganin batura suna mutuwa a gidajen da ya sa wa sola, sai ya ƙera wata 'yar na'ura da ke kashe kaya masu cin wuta kafin batir ya ƙare. Baduku a kasuwar Marwa ya fito da maɓallin jaka da ake buɗewa da hannu ɗaya. Wasu daga cikin irin waɗannan abubuwa sun cancanci kariyar doka, amma masu su kan rasa ta tun kafin su san akwai ta, domin sun riga sun nuna wa duniya kafin su kai takarda. Abin yana damuna ƙwarai, shi ya sa na zauna na rubuta hanyar daki-daki.

Da farko ka san abin da kake nema. Takardar mallakar ƙirƙira, wadda za ka ga an rubuta brevet d'invention a ofisoshinmu, yarjejeniya ce tsakaninka da hukuma. Kai za ka bayyana sirrin abin da ka ƙera dalla-dalla yadda wani masani zai iya maimaita shi, ita kuma hukuma za ta ba ka ikon hana kowa ƙera shi, ko sayar da shi, ko shigo da shi, na tsawon shekara 20 daga ranar da ka shigar da takarda. Bayan nan ya zama na kowa.

Kamaru da Chadi ba su da ofishin ƙasa mai ba da wannan takarda. Sun haɗa kai ne da wasu ƙasashe a OAPI, wato ƙungiyar Afirka mai rajistar haƙƙin ƙirƙira, wadda hedikwatarta ke Yawunde. Asalinta yarjejeniyar Libreville ce ta 13 ga Satumba 1962, sannan aka sake mata tushe da yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999, aka sake yi mata wani a Bamako a 2015. Ƙasashe 17 ne a ciki, har da Nijar, da Benin, da Togo, da Mali, da Senegal, da Afirka ta Tsakiya, da Gabon. Takarda ɗaya da ka shigar tana aiki a dukkansu lokaci guda. Nijeriya ba ta ciki, kuma za mu dawo kan wannan, domin ga mu da kasuwarmu ke kallon Mubi da Yola da Maiduguri, ba ƙaramar magana ba ce.

Mataki na farko: kama bakinka

Wannan shi ne matakin da ba a biyan ko dala, kuma shi ne wanda aka fi faɗuwa a kansa. Sharaɗin farko na samun takarda shi ne abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, kafin ranar da aka shigar da takarda. Doka ba ta bambanta bayyanawar da wani ya yi da wadda kai mai abin ka yi da kanka. Idan ka ɗora bidiyon na'urarka a Facebook ko TikTok, ka bayyana. Idan ka sa hotonta a WhatsApp kowa ya gani, ka bayyana. Idan ka sayar da guda biyar a kasuwa don ka ga ko za ta karɓu, ka bayyana. Ɗalibin da ya kare kundin bincikensa a gaban jama'a a jami'ar Ngaundare ko a makarantar injiniyoyi ta Marwa, aka ajiye kundin a ɗakin karatu, shi ma ya bayyana.

Akwai sassauci na wata 12, amma ƙunci gare shi. Yana aiki ne idan wani ya ci amanarka ya fallasa abin, ko kuma idan ka nuna shi a baje kolin ƙasa da ƙasa wanda hukuma ta amince da shi. Baje kolin gari ko ranar buɗe ƙofa ta makaranta ba lallai su shiga ciki ba, don haka kada ka jingina da wannan.

To ai mutum ba ya ƙera abu shi kaɗai, za ka ce. Gaskiya ne. Dole ka je wurin mai walda, ko mai injin sassaƙa ƙarfe, ko tela. Abin yi shi ne ku rubuta 'yar takardar riƙe sirri, ku sa hannu da kwanan wata, da shaidu biyu. Wasu na jin nauyin miƙa wa abokin sana'a irin wannan takarda, kamar zargi ne. Ka ce masa: "Malam, ba rashin yarda ba ne, ofishin rajista ne ke so a nuna cewa maganar ba ta fita ba." Mai hankali zai fahimta. In da hali kuma ka raba aikin, wannan ya yi maka sashe ɗaya, wancan ya yi ɗayan.

Ka sayi littafi mai ɗinkakkun shafuka, kana rubuta kowane gwaji da zane da kwanan wata. Littafin ba ya ba ka mallaka, domin a tsarin OAPI wanda ya riga shigar da takarda shi ke da haƙƙi, ko da kai ka riga shi tunani. Amfaninsa yana zuwa ne ranar da wani ya sace maka, kake son nuna wa kotu daga ina abin ya fito.

Mataki na biyu: abin na waye?

Idan kai ma'aikacin asibiti ne ko na kamfani, kuma ƙirƙirar ta fito daga aikin da aka ɗauke ka ka yi, ko ka yi ta da kayan aiki da bayanan wurin, to doka na iya ba mai wurin haƙƙin mallaka, kai kuma ka samu lada da ambaton sunanka a matsayin wanda ya ƙirƙira. Karanta kwantiraginka tun yanzu. Idan ku biyu ko uku kuka yi, ku rubuta kason kowa kafin kuɗi ya shigo tsakani.

Mataki na uku: bincika ko an riga ka

A nan nake so ka daɗe. Yawancin abin da mutum ke ganin shi ya fara, wani ya taɓa rubuta shi a wata ƙasa shekaru da dama da suka wuce, kuma gara ka gano haka da kanka a kyauta da a gaya maka bayan ka kashe kuɗi.

Akwai rumbuna uku a intanet da ba a biya: Espacenet na ofishin rajistar ƙirƙira na Turai, da Patentscope na OMPI, hukumar haƙƙin ƙirƙira ta duniya da ke Janeba, da Google Patents. Waya ma tana buɗe su, amma zane-zanen sun fi fitowa a kwamfuta. Bincike da kalmomi kaɗai yana yaudara, domin abu ɗaya kowa da sunan da yake kiransa. Abin da ya fi shi ne lambobin rabe-rabe na duniya, waɗanda aka kasa duk fasahohi a ƙarƙashinsu. Kayan tiyata suna ƙarƙashin A61B, musamman A61B 17. Maɓallai, da zif, da fil, da kan ɗamara suna A44B. Tufafi suna A41, huluna suna A42. Sanyaya ɗaki da shigar iska suna F24F, rarraba wuta da cajin batir suna H02J. Sa lambar, ka haɗa da kalma ɗaya ko biyu da Faransanci ko Ingilishi, sannan ka bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi kama da naka, ka ajiye lambarsa, ka rubuta a littafinka inda kuka haɗu da inda kuka rabu.

Za ka ga cewa waɗannan fannoni uku, kayan tiyata da na'urorin wuta da kayan sutura, an daɗe ana tono a cikinsu. Wuƙar tiyata mai kai da ake cirewa a jefar, Morgan Parker ya yi rajistarta a Amurka tun 1915. Thomas Fogarty ya samu takarda a 1969 kan siririn bututu mai balan-balan da ake zaro gudan jini daga jijiya da shi. Patricia Bath ta samu tata a 1988 kan na'urar cire yanar ido da hasken leza. A ɓangaren gini, Warren Johnson ya yi rajistar na'urar lantarki mai lura da zafin ɗaki a 1883. Zif ɗin da ke jikin wandonka ya samo siffarsa ne daga takardar Gideon Sundback ta 1917. Shi kuwa maɓallin nan mai mannewa da ake ɓarewa ya yi ƙara, wanda aka sani da Velcro, injiniya George de Mestral na Suwizalan ne ya ƙirƙiro shi, bayan ya duba yadda 'ya'yan wata ciyawa mai ƙaya ke maƙale wa tufafinsa da gashin karensa. Duk wanda ya taɓa ratsa ƙarangiya da kaka ya san abin da mutumin ya gani.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Ba a buƙatar ka ƙirƙiro hantsaki daga farko. Gyara ma ana yi masa rajista, muddin sabo ne, kuma ba abin da kowane gwani a fannin zai yi tunaninsa nan take ba ne, kuma ana iya ƙera shi a maimaita. Waɗannan su ne sharuɗɗa uku: sabunta, da zurfin dabara, da yiwuwar sarrafawa. Kuma inda muke da abin cewa shi ne matsalolin da mai zane a Jamus bai taɓa fuskanta ba. Zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 yana rage ƙarfin farantin sola, yana kuma gajarta ran batir mai ruwa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da matata. Idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta na yawan yankewa a arewa baki ɗaya, gida ɗaya sai ya koma yana jujjuya wutar gari da sola da janareta. Asibitin ƙauye yana buƙatar kayan da za a wanke, a dafa, a sake amfani da su sau da yawa, ba na yarwa ba. Dabarar da ta magance ɗaya daga cikin waɗannan ta hanyar da ba a rubuta ba a baya, ita ce ake nema.

Akwai wata riba ta wannan bincike da ba a cika faɗa ba. Takardar mallaka tana aiki ne kawai a ƙasar da aka shigar da ita, kuma muddin ba ta mutu ba. Duk ƙirƙirar da ta wuce shekara 20, ko wadda mai ita ya daina biya mata, ko wadda ba a taɓa shigar da ita a OAPI ba kuma lokacin shigarwar ya wuce, kana da 'yancin ƙera ta ka sayar a nan. Ba za ka iya yi mata rajista da sunanka ba, kuma ba za ka sa mata tambarin kamfanin wani ba, amma za ka iya cin abinci da ita. Miliyoyin zane-zane ne a buɗe, da cikakken bayani. Ko da bincikenka ya nuna an riga ka, ba ka tashi hannu wofi ba.

Mataki na huɗu: zaɓi irin takardar da ta dace

Ba kowane abu ne ke buƙatar babbar takarda ta shekara 20 ba, kuma a ganina yawancin masu sana'ar hannu ƙaramar ce ta fi musu. Yarjejeniyar Bangi ta tanadi abin da ake kira modèle d'utilité, don kayan aiki ko kayan amfani da aka yi wa sabon tsari ko sabon haɗi. Yana ɗaukar shekara 10, sharuɗɗansa sun fi sauƙi, kuɗinsa ya fi ƙanƙanta. Maɓallin jakar nan na hannu ɗaya, ko ɗan maƙalin da ke riƙe mayafi ba tare da fil ya huda shi ba, nan ne gidansu.

Idan kuwa sabon abin da ke jikin kayanka kyan gani ne, ba yadda yake aiki ba, kamar siffar kan ɗamara, ko zanen da ka fitar a jikin takalmin fata, ko fasalin hula, to rajistar zane da siffa za ka yi, dessin ou modèle industriel. Tana ɗaukar shekara 5, ana sabunta ta sau biyu, jimla 15. Sunan da kake sayar da kaya da shi kuma tambari ne, marque, shekara 10 ana sabuntawa ba iyaka. Abu ɗaya na iya ɗaukar duka ukun. Sai dai aikin gargajiya da kowa ya gada, irin ɗinkin aska takwas a babbar riga, ba sabo ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba ne.

Masu kayan tiyata su lura da wannan: hanyar yi wa mutum ko dabba tiyata ko magani ba a yi mata rajista. Likita ba zai mallaki yadda ake yanka ko ɗinki ba. Kayan aikin da ake yin tiyatar da shi ne ake karewa. Don haka a takardarka ka bayyana ƙarfen da sassansa, kada ka nemi mallakar aikin da ake yi da shi.

Masu na'urorin wuta kuma: manhajar kwamfuta ita kaɗai ba ta samun wannan takarda, haƙƙin marubuci ne ke kare ta. Abin da za ka gabatar shi ne na'urar gaba ɗaya, da abin da ke auna ƙarfin batir, da abin da ke yanke layi, da yadda suke aiki tare har su haifar da sakamako na zahiri.

Mataki na biyar: rubuta takardar

Ana shigar da ita da Faransanci ko Ingilishi. Shawarata ka fara rubuta komai da Hausa, ko da harshen da kake tunani da shi, har sai ka tabbata ba ka bar komai ba, sannan a juya. Kunshin ya ƙunshi takardar neman rajista, da bayanin ƙirƙira, da iyakokin abin da kake nema, da zane-zane, da taƙaitawa, da shaidar biyan kuɗi. Takarda ɗaya ƙirƙira ɗaya take ɗauka.

Bayanin yana tafiya ne a jere: wane fanni ne, me ake amfani da shi a yanzu, mene ne aibinsa, me ka kawo, sannan cikakken yadda ake ƙera shi. A nan ake amfani da lambobin nan da ka tara a bincike, ka ambace su ka nuna inda suka gaza. Kada ka ɓoye wani sashe don gudun a kwaikwaya. Idan masani ya karanta bai iya maimaitawa ba, ana iya soke takardar. Kuma abin da ba ka rubuta ranar farko ba, ba za a bar ka ka cusa shi daga baya ba. Saboda haka ka kawo duk fuskokin da abin zai iya ɗauka: in ana iya yin sa da ƙarfe ko roba, faɗi; in makullin na iya zama a dama ko a hagu, faɗi.

Zanen ya zama na layi, baƙi a kan fari, kowane sashe da lambarsa, lambar kuma ta dace da wadda ke cikin bayani.

Sai iyakoki, waɗanda ake kira revendications. Su ne zuciyar takardar, domin alƙali su yake karantawa ranar shari'a. Kamar iyakar gona suke: abin da ka kewaye shi ne naka, abin da ka bari a waje na kowa ne, in kuma ka zarce cikin ta maƙwabci a rushe maka. Ɗauki misalin mai na'urar batir. Idan ya rubuta cewa yana neman "na'urar da ke adana wuta a gida", ya yi faɗi da yawa, dubban takardu sun riga shi, za a ƙi. Idan ya rubuta "akwatin ƙarfe shuɗi mai tsawon santimita 20 da maɓalli huɗu", ya ƙuntata, wani zai yi nasa ja mai maɓalli biyar ya wuce abinsa. Abin da ya kamata shi ne ya tambayi kansa: wane abu ne in an cire shi na'urar ta zama irin ta kowa? Wataƙila shi ne cewa tana auna zafin batir tare da ƙarfinsa, sannan tana yanke layukan gida ɗaya bayan ɗaya bisa muhimmancinsu, na'urar sanyaya ɗaki da farko, firjin magani a ƙarshe. To wannan haɗin shi ne iyaka ta farko, a rubuta shi da sassan da ba makawa sai da su kaɗai. Sauran ƙarin, irin su allon nuni ko ƙararrawa, su biyo a iyaka ta biyu da ta uku, kowace tana jingina da ta farko. In an rushe ta farko, na bayanta na iya tsayawa.

Wannan aiki ne na gwani, kuma in akwai inda zan ce ka kashe kuɗi, nan ne. OAPI tana da jerin wakilan da ta amince da su, mafi yawansu a Yawunde da Duwala. Mazaunin ƙasar da ke cikin ƙungiyar ba dole ne ya ɗauki wakili ba, yana iya shigarwa da kansa, amma ko da za ka yi komai da hannunka, ka nemi masani ya duba maka iyakokin. Ka tabbata sunan wakilin yana cikin jerin kafin ka buɗe masa sirrinka.

Mataki na shida: shigarwa

Hanya biyu ce. Ko ka kai kai tsaye hedikwatar OAPI a Yawunde, ko ka bi ta ofishin haɗin gwiwa na ƙasa, wanda kowace ƙasa ke da shi. A Kamaru yana ƙarƙashin ma'aikatar ma'adinai da masana'antu da bunƙasa fasaha, a Chadi kuma ma'aikatar da ke kula da kasuwanci da masana'antu a Injamena. Kafin ka hau jirgin ƙasa daga Ngaundare, fara leƙa ofishin ma'aikatar na jiharka ka ji abin da za su iya karɓa a nan. Nemi jadawalin kuɗi na bana, domin ana sauya shi, kuma yawan shafuka da yawan iyakoki na ƙara kuɗin. Ka kuma tambayi tallafin da OAPI ke yi wa masu ƙirƙira 'yan ƙasa, wanda ta wannan ofishin ake nemansa. Mutane da yawa ba su san da shi ba.

Abin da za ka riƙe da hannu biyu shi ne takardar da ke nuna lamba da ranar shigarwa. Daga wannan rana bakinka ya buɗe: kana iya nunawa, ka tallata, ka nemi masu zuba jari. Gyaran Bamako ya kawo binciken ƙwaƙwaf kan ko abin sabo ne, da buga takardar ga jama'a bayan wata 18, da ba wa duk mai ƙorafi wata 3 ya kawo hujjarsa. Idan ofis ya aiko da wasiƙar neman gyara, akwai wa'adi a jikinta, ka amsa kafin ya cika. Saboda haka ka ba da adireshi da lambar waya da ba za su sauya ba.

Mataki na bakwai: Nijeriya, da wata 12

Takardar OAPI ba ta hana kowa a Kano ko Aba ko Legas ƙera abinka ya sayar a can. Abin da za ta iya shi ne hana shigo da shi Kamaru ko Chadi ko Nijar. Idan kasuwarka ta haƙiƙa tana tsallaken iyaka, sai ka yi rajista daban a ofishin Nijeriya da ke Abuja, ƙarƙashin dokarsu ta 1970. Yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba ka wata 12 daga ranar shigarwarka ta farko ka kai takarda wata ƙasa, a ɗauke ta kamar a ranar farkon ka kai. Ga zane da tambari wata 6 ne. Idan wa'adin ya wuce kuma ka riga ka bayyana abin, ƙofar ta rufe. Sudan da Gana kuma suna wata ƙungiyar ce daban, ARIPO, mai hedikwata a Harare.

Wanda ke hangen kasuwar duniya, musamman mai kayan asibiti, akwai tsarin PCT na 1970. Takarda ɗaya ce da ke tsawaita maka lokaci zuwa wata 30 kafin ka zaɓi ƙasashe, tare da rahoton bincike daga babban ofis. Ba ta ba da mallaka da kanta, domin babu wata takardar mallaka ta duniya baki ɗaya. Mutum ɗan Kamaru ko Chadi yana samun ragin kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarwa. Amma kashe kuɗin gaske yana zuwa ne lokacin shiga kowace ƙasa, da fassara da lauyoyi, don haka kada ka bi wannan hanya sai kana da abokin hulɗa mai ƙarfi ko kana dab da samunsa.

Bayan an ba ka takarda

Kowace shekara akwai kuɗin riƙewa, ana biyansa a zagayowar ranar shigarwa, kuma yana ƙaruwa yayin da takardar ke tsufa. In ka makara akwai wata 6 na jinkiri tare da tara, in ya wuce takardar ta faɗi. Rubuta ranar inda ba za ka manta ba, ka gaya wa wani a gida. Idan ka ƙara wa ƙirƙirar wani gyara, akwai takardar ƙari da ake jinginawa da ta asali. Idan kuma ka ajiye ta ba ka sarrafa ba, bayan shekara 4 da shigarwa ko 3 da bayarwa, wanda ya fi nisa a cikinsu, wani na iya neman kotu ta ba shi izinin sarrafawa ko ba ka so.

Ga masu kayan tiyata akwai magana mai nauyi. Takardar OAPI ba izinin taɓa jikin ɗan Adam ba ce. Tana cewa abin naka ne, ba ta ce ba shi da haɗari ba. Kafin ƙarfe ya shiga ɗakin tiyata sai an tabbata an yi shi da ƙarfe mara tsatsa irin na asibiti, yana jure tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko 134 sau da yawa ba tare da ya lalace ba, ba shi da lungun da jini zai maƙale, kuma ma'aikatar lafiya da kwamitin ɗa'a na bincike sun amince a gwada shi. Kada ka yarda a gwada a kan majiyyaci a ɓoye, ko da likitan abokinka ne. Arthur Zang, ɗan Kamarun da ya ƙera Cardiopad, allon da ke auna bugun zuciya a ƙauye ya aika wa likita a birni, ya samu kyautar Rolex a 2014 da kyautar injiniyoyin Afirka a 2016, kuma shekaru ya yi yana aiki tare da likitocin zuciya kafin na'urar ta kai ga asibitoci. Haka mai na'urar wuta, ya tabbata abinsa ba zai ta da gobara a gidan mutane ba.

Ba dole ne kai ka kafa masana'anta ba. Kana iya ba wani izinin ƙerawa yana biyanka kaso a kan kowane guda, ko ka sayar gaba ɗaya. Na fi son izini da sayarwa ga wanda bai san darajar abinsa ba tukuna. Walter Hunt, wanda ya yi rajistar fil mai makulli a 1849, ya sayar da haƙƙinsa a kan dala 400 ta Amurka, ga shi har yau ana ƙera fil ɗin a duk duniya. A rubuta yarjejeniyar, a faɗi ƙasashen da ta shafa, da shekaru, da kaso, da ranar biya, sannan a kai ta OAPI a shigar a rajista ta musamman, domin sai da haka take zama hujja a kan wasu.

Idan ka ga kwaikwayon kayanka a kasuwa, OAPI ba ta kama kowa, kotun ƙasar da abin ya faru ce ke hukunci. Kada ka fara da rigima a bakin rumfa. Sayi guda ɗaya ko biyu, ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata, ka ɗauki hoto. Kai wa lauya tare da takardarka, ya gwada kayan da iyakokinka ɗaya bayan ɗaya, domin kama a ido ba ta isa ba, sai an samu duk sassan iyaka ta farko a jikinsa. In sun cika, shugaban kotu na iya ba da umarni ma'aikacin kotu ya je ya rubuta bayanin kayan ko ya kama su, daga nan kuma akwai ɗan gajeren wa'adi da dole ka shigar da ƙara, in ba haka ba kamun ya ɓaci. In kayan daga waje ake shigo da su, lauyan ya rubuta wa jami'an duwan. Sau da yawa mai rumfar bai ma san akwai takarda ba, sari kawai ya yi, don haka wasiƙar gargaɗi da tayin izini kan kashe maganar kafin a kai ga alƙali, kuma ta bakinsa ne za ka gano wanda ke ƙerawa.